Nasaren bayan gida ko ta ƙungiya: amsar tambayar Maman Abba

Maman Abba, tun daren jiya na ga tambayarki, sai yanzu na samu zama. Kin ce Abba ya cika shekara huɗu, maigidan yana dako a kasuwar Mile 12, ke kuma kina tuyar awara da ƙosai a bakin layi a Agege. Akwai 'yar nasare, wato makarantar ƙananan yara, a bayan gidanku da ake biyan naira 300 kullum, akwai kuma ta wata ƙungiyar agaji wadda ba don riba aka buɗe ta ba, naira 8,000 a zango, amma sai an hau keke napep. Wacce za ki kai shi? Na yi shekara shida ina koyarwa a irin ta farko, 'ya'yan ƙanwata biyu kuma sun bi ta irin ta biyu, don haka abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Mu fara da lissafi, domin nan mutane ke ruɗewa. Zangon karatu wajen mako 12 ne, wato kwana 60 na zuwa makaranta. Naira 300 sau 60 ya kama 18,000. Idan kika ajiye shi kusa da 8,000 sai ki ce ta ƙungiya ta fi araha nesa ba kusa ba. To amma keken fa? Ko da naira 200 ne hawa ɗaya, kuma kin ɗora Abba a cinya ba ki biya masa ba, za ki kai shi ki dawo, ki koma ki ɗauko shi ki dawo: hawa huɗu, naira 800 a rana, 48,000 a zango. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin abin hawa a Legas bai sake komawa inda yake ba. Ga kuma kaskon tuyarki da zai zauna babu kowa a daidai lokacin da masu fita aiki ke sayen karin kumallo. Ta bayan gida kuwa da silifas za ki miƙa shi ki dawo man tuya bai gama zafi ba.

Biyan kullum yana da daɗi ga mai ƙaramar sana'a, ranar da babu ciniki yaro ya zauna a gida babu mai binki bashi. Sai dai wannan daɗin shi ne illarsa. Na sha ganin yaro ya zo Litinin da Talata, ya ɓace sai wani mako, abin da ya fara kamawa ya zube. Kuma kada ki ɗauka 300 ɗin ne kawai. Akwai yunifom, akwai rigar wasanni ta Laraba, akwai kuɗin bikin ƙarshen shekara inda ake sa wa ɗan shekara huɗu hular kammala karatu kamar ya gama jami'a.

Yarbawa suna kiran irin waɗannan wurare jeleosimi, ma'ana a bar gida ya huta. Sunan bai yi ƙarya ba. Inda na yi aiki shago ne aka raba da katako, rufin kwano, taga ɗaya. Yara sun haura arba'in a kan benci huɗu, ni kaɗai da bulalar da ba na son ɗagawa. Da ƙarfe sha biyu ɗakin ya zama tanda. Abin da muke yi shi ne rera jihohi da manyan biranensu, Abiya Umuwahiya, Adamawa Yola, har muryata ta dushe. Aikin gida kuma ni nake riƙe hannun yaro in rubuta, saboda iyaye suna son su buɗe jaka su ga littafi cike da jan biro. Albashi sai wata ya yi nisa, wani lokacin a ba ki rabi. Shi ya sa malamai ba sa daɗewa: yaro ya saba da wata Anti, bayan hutu ya tarar da sabuwar fuska.

Ba zagin su nake ba. Ƙidayar makarantun kuɗi da aka yi a Legas a 2011 ta samu sama da 12,000, mafi yawansu ba su da amincewar gwamnati, alhali firamaren gwamnati a jihar kusan dubu ɗaya ne. Waɗannan ƙananan makarantun su suka ɗauke nauyin da ya fi ƙarfin gwamnati, har ƙungiyarsu suke da ita mai suna AFED. Kuma suna riƙe miki yaro har la'asar sakaliya idan kin makara, abin da ta ƙungiya da wuya ta yi. Da babu gara ba daɗi.

Ta ƙungiya kuwa, dalilin arahar shi ne wani ne ke biyan ragowar. Abin da kika bayar bai isa albashin malama ba, masu ba da gudummawa ne ke cikawa. Idan ana riƙe amanar kuɗin, sai ki ga yara kaɗan a aji, malama ta samu horo, akwai tabarma da kayan wasa, wani wurin har da abincin rana. Ranar da na je ɗauko 'yar ƙanwata, na tarar da su zaune a ƙasa suna ware marafan kwalba, ja gefe ɗaya, shuɗi gefe ɗaya, suna ƙirgawa. Babanta ya yi ta faɗa wai wasa kawai ake yi, babu aikin gida. Ni da na san yadda ake rubuta aikin gidan sai na yi shiru. Yarinyar nan idan ka ce ta miƙo cokali biyar, biyar za ta miƙo. Ɗalibaina suna ƙirgawa har ɗari da baki, amma ka zuba musu tsakuwa bakwai ka ce nawa ne, sai su kalle ka.

Amma kayan aro ba ya rufe katara. Kafin ki saki jiki, ki tambayi shugabar makarantar kai tsaye: wa ke biyan malamai, kuma shekara nawa ke nan? Akwai bambanci tsakanin makarantar da ke da jama'a a bayanta da wadda ke rataye a aljihun mutum ɗaya a ƙasar waje. Ƙungiyar Ansar-Ud-Deen tun 1923 aka kafa ta a nan Legas, kuma da kuɗin mambobinta ta gina makarantu don 'ya'yan Musulmi su yi boko ba tare da sun bar addininsu ba. Ƙungiyar agaji ta Slum2School tana aiki da yaran unguwar Makoko tun 2012. Irin waɗannan sun yi saiwa. Wadda aka buɗe bara, idan mai bayarwa ya gaji a tsakiyar shekara, kwaɗo za ki tarar a ƙofa. Ki kuma tambayi irin addu'ar da ake yi a taron safe, da ko suna ɗaukar hoton yara su sa a intanet don neman taimako. Da yawa suna yi, kina da ikon ki ce ban yarda ba.

Maganar harshe ta shafi duka biyun. Abba Hausa kaɗai yake ji, can kuma Turanci ne da Yarbanci da buroka. Tun 2018 ma dokar jihar ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu. Zai kama, yara ba sa wuya, amma makonnin farko zai yi gum. Wani yaro Bahaushe a ajin abokiyar aikina kullum sai ya jiƙa wando, ana ta yi masa tsawa, ashe yana ta cewa fitsari babu mai ganewa. Ki koya wa malamar kalmomi uku, ruwa, fitsari, kashi. Duk wadda a cikinsu take da ma'aikaciya mai jin Hausa, ko mai shara ce, ki ƙara mata maki.

Akwai ta uku da ba ki ambata ba, wato ta gwamnati. Dokar ilimin matakin farko na bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta haɗa da karatun ƙananan yara, manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 kuma ta sanya shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, ga ɗan shekara biyar. Firamaren gwamnati da yawa a ƙarƙashin LASUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jihar Legas, suna da wannan ajin, babu kuɗin zango, sai dai cunkoso. Baɗi Abba zai kai biyar. Tun yanzu ki nemo masa takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ki haɗa da katinki na LASRRA, wato na rajistar mazauna jihar Legas, idan kina da shi, ki je ki gaisa da shugabar firamaren da ta fi kusa kafin Satumba.

Da ni ce ke, sai in je ta ƙungiyar wata safiya ba tare da sanarwa ba, in leƙa bayi, in ga ruwan da yara ke sha, in duba ko harabar tana cika da ruwa a damina. Idan ta kwanta min, sai in nemi mata uku a layinmu masu yara sa'anninsa mu riƙa karɓa-karɓa: yau ni na kwashe su, gobe ke. Kuɗin keke ya rabu, tuya ba ta tsaya kullum ba, a nan ta ƙungiya ta fi ta bayan gida ta kowace fuska sai lokacin tashi. Idan ba ki samu abokan tafiya ba, ki sa shi ta bayan gida shekarar nan kawai, ki daure ki biya na mako gaba ɗaya kowace Litinin don kada ya riƙa fashi. Da yamma kuma kafin ya tafi Islamiyya, ki ba shi ƙosan ya ƙirga miki cikin leda.