Jirgin Kano zuwa Abuja: minti 50 a sama, awa bakwai a kan benci

Gaskiya da niyyar yabo na zauna rubutun nan, don a sama dai ba ni da abin cewa. Daga tashinmu Kano zuwa saukarmu Abuja minti 50 ne kacal, Hajiya mahaifiyata ko ruwan da aka ba ta ba ta gama sha ba aka ce a ɗaura bel za mu sauka. Dama saboda ita na ƙi mota, ciwon baya take fama da shi, kuma hanyar Zariya, Kaduna har Abuja ta haura kilomita 400, ba za ta iya wannan zaman ba. Yarinyar da ke aiki a jirgin ma ta kyauta, ita ta riƙe mata jaka har kujera tana "sannu Mama, a hankali".

Amma wallahi ina tuna abin da aka yi mana a ƙasa sai raina ya sake ɓaci. Tikitinmu na 9:30 na safe ne ranar Juma'a, ɗaurin auren ƙanina kuma bayan an sauko daga masallaci a Gwarinpa. Tun bakwai muka baro Hotoro, aka auna kaya aka ba mu katin shiga, muka zauna. Goma ta wuce shiru, sai wajen sha ɗaya wani ya zo ya ce hazo ne. To na yarda, watan Janairu ne, duk ɗan Kano ya san hazo na hana jirgi sauka kuma ba wanda zai so a yi ganganci da ransa. Sai ga shi da idona wajen sha biyu na ga jirgin wani kamfanin ya ɗebi mutanensa ya tashi. Na koma kantar kamfaninmu na tambaya, shi ne yaron ya rage murya ya ce "yallaɓai a yi haƙuri, jirgin namu bai ma baro Legas ba". Ashe tun safe sun sani! Lambata tana hannunsu, kullum sai sun turo min talla, amma saƙo ɗaya na cewa an ɗaga lokaci ya gagare su, da tun bakwai ɗin na ɗauki shatar mota mu tafi a hankali muna tsayawa tana miƙe baya.

Sai 4:40 na yamma muka tashi. Ko ruwan leda ba su ba mu ba duk zaman nan, tsohuwa a kan bencin ƙarfe. Muka sauka, jiran kaya rabin awa, sannan filin jirgin Abuja kusan kilomita 40 ne zuwa cikin gari, sai bayan magariba muka shiga gidan biki. Ɗan baffana da ya hau mota a Unguwa Uku da asuba da shi aka shafa fatiha.

Hajiya cewa kawai ta yi haka Allah ya rubuta, amma na ga tana share hawaye da gefen mayafi a mota, autanta ne fa. Tauraro biyu na ba su, su ma albarkacin yarinyar nan ne. Na tura musu ƙorafi ta imel yau sati biyu ke nan, ko amsa babu.