Rumfar itacen da nake saye a hanyar Miriya, da tsada amma da takarda

Masu tambayata ina nake sayen itacen girki yanzu tunda na daina tsayar da masu sharet ɗin asuba, to ga amsa nan gaba ɗaya. Wata rumfar itace ce a bakin hanyar Miriya in an ɗan fita garin Damagaram, ta wani dattijo ce da yaransa, ba zan sa sunansa ba tunda ban nemi izininsa ba amma masu kabu-kabu na wannan layin sun san wajen, ki ce musu rumfar da ake auna itace a cikin ƙarfe. A taƙaice dai itacensa ya fi na gari tsada, busasshe ne na gaske, kuma duk lodin da ya sauka wajensa yana da takardar gandun daji. Ni na gamsu da shi, amma akwai abubuwan da ba su yi min ba kuma zan faɗe su.

Sana'ata abinci ce, shinkafa da wake da rana, tuwo da dare, ga girkin biki da suna in Allah ya kawo, saboda haka itace ba abin wasa ba ne a wajena, bayan shinkafa da mai shi ne ya fi cin kuɗina. Gaz ina da shi kuma ina amfani da shi wajen miya da ruwan zafi, alhamdulillahi tunda matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 butelin gaz ya shiga gidaje da yawa a Damagaram, amma duk wadda ta taɓa tuƙa tuwon mutum ɗari ta san babbar tukunya itace take so.

Abu na farko da ya ja ni wajen shi ne awo. Yana da wani ƙarfe da aka yi masa walda, mita guda tsawo mita guda faɗi mita guda tsayi, a ciki ake jera itacen har ya cika, shi ne siter irin yadda ake aunawa a kasuwannin itace na karkara. Za ki iya sayen cikakke ko rabi, kuma a gabanki yaran suke jerawa, in kin ga sun bar rami a tsakiya ki yi magana su gyara ba tare da ɓacin rai ba. Wajen masu sharet kuwa ido ne kawai awo, a jera manya a waje a cusa ƙirare da ruɓaɓɓu a ciki, sai an sauke a ƙofar gida kin biya sannan ki ga abin da kika saya.

Sai bushewa, nan ne fa zan daɗe dan shi ne kuɗin. Ɗanyen itace yana da nauyi a hannu, ɓawonsa a manne yake gam, in kika buga guda biyu sai ki ji wani dum-dum a shaƙe, busasshe kuwa ƙara yake yi ƙwal, bakinsa duk ya tsage, ɓawon na ɓantarewa da farce. In kika sa ɗanye a murhu sai ki ga kumfa na fitowa ta gindinsa yana tsiii, hayaƙi fari ya turnuƙe rumfa, yaran aiki na hawaye suna fifita, tukunya ta yi baƙi ƙirin amma ruwa ya ƙi tafasa. Na wajen Baba wlh da ɗan kara da ashana ya kama. Galibi sabara ce da geza da kalgo, sai rassan dogon yaro da aka yi wa aski a gari, da turare daga garakan mutanen da suka shuka da hannunsu dan sayarwa. Turaren yana saurin cinyewa kuma yana tartsatsi, ni ban cika sonsa ga tuwo ba, ga suya dai ya yi. Da na lissafa a wata sai na ga abin da nake ƙarawa a farashi yana dawowa ta wajen yawan itacen da nake ƙonawa, dan na rage sosai, ga tari da ciwon ido da suka ragu wa 'yan matan da ke min aiki.

Maganar takarda kuma ba da baki kawai yake yi ba. Akwai wata tsohuwar jakar leda da yake rataye a ginshiƙin rumfar, cike da kufon ɗin da ake ba direba in ya yi lodi, kowanne da hatimi da kwanan wata da yawan siter da sunan wajen da aka ɗauko. Na ce Baba in gani mana, ya ce Hajiya ai dan a gani aka ajiye, ya zazzage su a kan tabarma. Shi ne ya yi min bayanin yadda abin yake tun dokar 1992 da ta kafa kasuwannin itace na karkara: mutanen ƙauyen da ke kusa da daji su ke da ikon sara a yankin da aka ware musu, gwargwadon abin da aka ƙayyade a shekara, su jera a kasuwarsu, mai mota ya je ya saya ya biya haraji a ba shi kufon, harajin nan kuma a raba shi tsakanin ƙungiyar ƙauyen da ƙaramar hukuma da baitulmali. Wanda ya je ya saro a dajin da ba a tsara ba harajinsa ya fi yawa, an yi haka ne dan a karkato da mutane wajen da ake kula da shi. To mai sharet ɗin da ya shigo gari kafin kiran assalatu ta bayan unguwa dan kar ya haɗu da 'yan gandun daji babu ko ɗaya da ya biya a ciki, shi ya sa nasa ya fi araha.

Kuma ni abin da ya fi ƙona min rai ba harajin ba ne, irin itacen da suke kawowa ne. Gawo. Ni 'yar ƙasar Magariya ce, a gonar mahaifina akwai gawunan da ya tarar da waɗanda ya raina da hannunsa tun suna tsiro, yana zagaye su da ƙaya saboda awaki, lokacin sassabe ya bar su ya rage musu rassa su miƙe. Duk wanda ya yi noma ya san gawo ba kamar sauran itatuwa ba ne, da damina yake zubar da ganye ya bar wa hatsi rana, ganyen ya zama taki, geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na fili kai da tsayi, da rani kuma lokacin da komai ya bushe shi ne kore shar, 'ya'yansa ake tsinta a buhu a ba tumaki ko a kai kasuwa. A cikin dare ɗaya aka je aka kwantar da biyu daga cikin manyan, da safe sai kututture da sawun taya. Tsohon nan bai yi magana da kowa ba ranar, abinci ma bai ci ba. Itacen da ya ɗauki shekara talatin yana girma an sayar da shi ƙulli-ƙulli a gari, kuma mu masu girki mu ne muka saya, in ɓera da sata daddawa ma da wari.

Wata dabarar ma ta fi wannan muni, dan sun san an fi sassauci a kan mataccen itace, sai su je su kware ɓawon gindin su zagaye shi kaf, ko su tara kara su sa wuta a gindin su tafi, bayan wasu watanni itacen ya mutu a tsaye su dawo su ce ai busasshe suka tarar. In kin ga guntun gawo ko tsamiya da gefe guda a ƙone baƙi alhali ba a taɓa sa shi a murhu ba to ki yi tambaya. Yaron Baba ne ya nuna min wannan, ya ce sau da yawa ana kawo musu irinsa da rahusa su mayar. A rumfar ban taɓa ganin gawo ko tsamiya ko aduwa ko kuka ba, kuma ina dubawa duk zuwan da na yi. Waɗannan duk suna cikin itatuwan da dokar gandun daji ta kare, tare da giginya da goriba da maɗaci da ɗorawa, dokar da ake aiki da ita yanzu ta 2004 ce. Kare gawo ma a ƙasar nan ya girmi dokar Nasara, tsofaffin Birni har yau suna ba da labarin yadda a zamanin Sarki Tanimu wanda ya sare gawo ba da izini ba kansa ne a bakin takobi. Ba ina cewa a koma haka ba, amma ya nuna mutanen da sun san darajar abin. Yankin Magariya da Matamaye da Miriya kuwa har daga ƙasashen waje ake zuwa kallon yadda manoma suka mayar da gonaki kore da gawo bayan farin 1984, a 2020 ma gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa kan itacen da ya raina a gonarsa. Duk wannan wahalar mutum guda da gatari ke rusa ta kafin gari ya waye.

Na san masu saran nan da yawansu talauci ne, damina ba ta yi kyau ba, ga iyali, ba na zaginsu. Amma manomin da aka yi wa ɓarnar shi ma talaka ne, kuma babbar ribar ba a hannun mai gatarin take tsayawa ba.

Yanzu abubuwan da ba su yi min ba. Na ɗaya ba su da abin kai kaya, ke za ki nemo sharet ko adaidaita ki biya daban, kuma daga can zuwa Sabon Gari ko Garin Malam kuɗin ba kaɗan ba ne, in aka haɗa da farashin itacen sai mai ƙaramin ƙarfi ta ja baya. Na biyu ba sa son sayar da ƙaramin ƙulli, alhali yawancin matan gari na dala ashirin ko arba'in suke saye kullum dan abin da ke hannunsu ke nan, to in mai takarda bai sayar musu ba dole su koma wajen wanda ba shi da ita. Na faɗa wa Baba wannan gaba da gaba, ya ce zai duba, har yanzu dai ban ga canji ba. Sannan rumfar ba ta da rufi isasshe, da damina rabin itacen a fili yake ruwa na dukansa, na ƙasan kuma gara ta kan shiga dan a kan turɓaya suke jerawa ba su ɗora a kan dutse ba, a watan Agusta sai kin tsaya kin zaɓa da kanki in ba haka ba ki kwaso jiƙaƙƙe. A lokacin ma kayan kan yanke saboda hanyoyin daji sun lalace motoci ba sa shiga. Kuma in kin zo da sauri ki yi haƙuri, Baba mutum ne mai natsuwa, sai an gaisa an tambayi gida da yara da kasuwa, rasit ma da hannu yake rubutawa a hankali.

A gefe guda suna sayar da kayan rufi, gwafa da sandunan turare na rumfa, da katakon da ake shigowa da shi daga Kano. Sandunan turaren na saya na gyara rumfata, miƙaƙƙu ne, na shafa musu baƙin mai a gindi saboda gara kuma suna nan lafiya. Katakon kuwa takardar duwan ce da shi, ita kuma abin da take nunawa shi ne an biya kuɗin shigowa a iyaka, ba ta faɗin dajin da aka saro shi, saboda haka yabon da na yi wa itacen girki ban ɗora shi a kan katakon ba. Abu guda dai da na yaba, wani kafinta ya zo ina wajen yana neman madobiya ta yin gado, Baba ya ce masa ba ya kawo ta kuma ba zai kawo ba. Madobiyar nan ita ce aka yi ta kwasa daga dazukan Najeriya irin na Taraba da na wasu ƙasashen yammacin Afirka ana lodawa a kwantena zuwa Sin, har sai da aka sa ta a yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da itatuwan da ke neman ƙarewa, a 2017 dan a taƙaita cinikinta. Kafintan ya tafi yana gunaguni.

Suna kuma ajiye murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi da wani maƙeri ke kawo musu, na ɗauki babba guda. Yana tare iska, wutar na tafiya gindin tukunya kai tsaye ba kamar duwatsu uku ba da rabin zafin ke bin iska, sai dai ki zo da awon tukunyarki dan in murhun ya fi ta faɗi amfanin ya ragu, kuma ƙarfen na wajensu ɗan siriri ne, ki ce a zaɓo miki mai kauri ko da za ki ƙara wani abu.

Ga wadda ke girkin sana'a ko gida mai yawan jama'a ina ba ta shawara ta gwada rabin siter tukuna ta lissafa kwanan da zai yi mata. Masu ƙaramin girki kuma ku haɗu ku uku ko huɗu a layinku ku sayi guda ku raba, kuɗin sharet ɗin ma sai ya zo da sauƙi. Ku je da safe bayan an buɗe kafin masu gidan burodi da masu tsire su kwashe manyan, ranar Juma'a kuma da wuri suke rufewa. In za ku tara na damina ku saya tun watan Mayu ku jera a kan bulo ku rufa da tol.