Sulhun zauren dagaci da sulhun kotu: amsa ga Malam Sabo kan maganar satifiket

Assalamu alaikum 'yan uwa. Malam Sabo na ga tambayarka tun daren jiya, inda kake cewa shekara da shekaru kai ake kira idan an samu saɓani a garinku, kai ne mai zama gefen dagaci, yanzu kuma wani ya ce maka akwai kwas na masu sulhu da ake ba da satifiket har kotu ta riƙa turo maka mutane, shine kake tambaya meye bambancinsa da wanda kuke yi a zaure, kuma ya kai ka sayar da amfanin gona ka je ka yi ko kuwa. Ban amsa a daren ba saboda maganar ta fi ƙarfin layi biyu. Ni dai na zauna a duka biyun, na daɗe ina riƙe biro a zauren baffana da yake dagaci a nan ƙasar Gaya, daga baya na je na yi horon, to bari in jera maka su kusa da kusa kai ma ka auna.

Mu fara da wanda ka sani. A zaure ƙarfin sulhu daga mutumin da ke zaune a kan buzu yake fitowa, ana jin nauyin dagaci, ana jin kunyar liman, kowa ya san gobe za a haɗu a masallaci da wajen suna da jana'iza, don haka idan dattijo ya ce wane ka yi haƙuri ka bar masa kunya biyu na gonar nan, ko ransa bai so ba zai ce na bari. Daga mai unguwa a je wa dagaci, ta gagara a je wa hakimi, ba fom ba kuɗin fayil, da safe a kira mutum kafin azahar an shafa fatiha. Kuma dagaci ya san asalin gonar, ya san waye ya sare dajin, ya san inda tsohuwar tsamiyar iyaka take kafin iska ta kayar da ita, wannan sanin wallahi babu kwas ɗin da zai ba ka shi ko a Abuja ko a Landan.

Shi kuma na kotu, a nan Kano wajen da ake yinsa shi ne ake ce wa Malti-Do, wato kotu mai ƙofofi da yawa, tana ƙarƙashin babbar kotun jiha, an buɗe ta a 2009. Legas ce ta fara a 2002, Abuja ta biyo a 2003. Ko dai alƙali ya duba shari'ar da ke gabansa ya ga ta sulhu ce ya tura ku can, ko kai da kanka ka taka ka je ka ce ina da matsala da wane a gayyato min shi, ba sai ka shigar da ƙara ba. To a can mai sulhu baƙo ne, bai san ubanka ba bai san uban abokin rigimarka ba, in ma ya san ɗayanku ko yana da wata alaƙa da maganar ƙa'ida ce ya faɗa tun farko, in ba ku yarda da shi ba a canja. Kuma abin da ya fi ba ni wahala da na je horo shi ne wannan: mai sulhun kotu ba ya yanke hukunci. Ba ya cewa kai ne da gaskiya. Ranar da aka sa mu gwaji, aka ba ni mutum biyu suna rigimar bashi, minti biyar ban yi ba na juya na ce wa ɗayan ai kai ne ba ka kyauta ba, nan take malamar ta tsayar da ni ta ce daga wannan kalmar ka tashi daga mai sulhu ka koma alƙali, kuma wanda ka ba rashin gaskiya ya rufe bakinsa ke nan ba za ka ƙara jin cikinsa ba. Na daɗe ina juya maganar nan a raina saboda a zaure mu abin da muka tashi muka gani kenan, a saurara, a gano mai laifi, a ba shi laifinsa, a ba ɗayan haƙuri.

Sai maganar sirri, nan kam tazarar tana da yawa. A zaure rabin gari na tsaye a bakin ƙofa, yara na leƙe ta katanga, abin da aka faɗa da hantsi kafin la'asar ya kai bakin rijiya, shi ya sa mutum zai ƙi faɗin ainihin abin da ke cinsa. A na kotu ɗaki ake shiga a rufe, kuma mai sulhu yana da damar ya keɓe da kowa shi kaɗai, abin da ka gaya masa a keɓe ba zai kai wa ɗayan ba sai ka ce ya kai. Dokar sasanci da sulhu ta 2023, wadda Buhari ya sa wa hannu a watan Mayu dab da saukarsa ta maye gurbin tsohuwar dokar 1988, ta ƙarfafa wannan sirrin, idan sulhu ya rushe aka koma gaban alƙali ba za a ɗauko tayin da ka yi a ɗakin sulhu a ce ai ga shi ka amsa ba, sai 'yan wurare kaɗan da doka ta ware. Shi ya sa mutum ke sakin jiki ya ce to gaskiya zan iya biyan rabi yanzu rabi da kaka.

Wannan keɓewar ita na fi so ka ɗauka ko da ba ka yi kwas ɗin ba, musamman idan da mace a cikin maganar. Na taɓa zama a wani rabon gona inda aka tambayi wata baiwar Allah a gaban yayyenta maza huɗu da baffanninta ko ta yarda ta bar musu kasonta su riƙa ba ta hatsi duk shekara, ta sunkuyar da kai ta ce na yarda, aka shafa fatiha kowa yana murna an yi zumunci. Ba a yi shekara biyu ba hatsin ya tsaya, ita kuma ga marayu a gabanta, da na same ta daga baya ta ce min Malam ya zan yi in ce a'a a gaban baffa. Har yau abin yana damuna don da hannuna na rubuta sunanta a cikin waɗanda suka yarda. Allah ya ce sulhu alheri ne, aya ta 128 a suratun Nisa'i, amma hadisi ya gindaya sharaɗi, banda sulhun da ya halatta haram ko ya haramta halal, kuma malamanmu suna cewa kafin magaji ya yafe ko ya karɓi wani abu a madadin kasonsa sai ya san nawa ne kason nasa tukun. Yardar da kunya ta tatso daga bakin mutum ni ban ɗauke ta yarda ba.

Yanzu ga inda na kotu ya yi wa namu nisa sosai, wato ranar da wani ya ce ya fasa. A zaure idan mutum ya tayar da maganar da aka kashe, makaminku shaidu ne da kunya, to shaidu suna mutuwa, dagaci yana rasuwa a naɗa wani, 'ya'yan da suka tashi a Kano ko Legas su dawo su ce mu ba mu san da wannan zancen ba, sai a koma farko kamar ba a taɓa zama ba. A Malti-Do kuwa idan kun daidaita rubutawa ake yi dalla dalla, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, a kai wa alƙalin da ke kula da sashen ya amince, daga nan takardar ta zama hukuncin kotu na yardar juna, wanda ya saɓa ana iya tilasta shi kamar yadda ake tilasta duk wani hukunci, ko ɗaukaka ƙara ma a kan irin wannan hukuncin na babbar kotu ba a yi sai da izinin kotu. Maƙwabtanmu na Jigawa sun ɗan rage wannan giɓin, akwai lokacin da wani shiri da Birtaniya ta ɗauki nauyi mai suna J4A ya horar da masu sarauta da magatakardansu kan rubuta sulhu a littafi da adana shi, kuma ko da takardar zaure ba hukunci ba ce, hujja ce babba idan an je gaban alƙali.

Amma fa kar a ɗauka komai Kano za a kwasa a kai. Ɓarnar shanu a gonar gero tana son a je a gani da ido tun sawun bai bushe ba, a kira ardo a kira mai gona a ƙiyasta a biya, wa zai biya kuɗin mota zuwa birni sau uku a kan dami biyar. Aure da saki da gado kuma dama gidansu kotun shari'ar Musulunci ce, alƙalan can su ma sukan ce ku je ku sasanta ku dawo, ga Hisba ita ma tana zaman sulhun ma'aurata kullum. Inda Malti-Do ta fi amfani a wajenmu shi ne bashi mai nauyi, cinikin fili ko gida, rigimar dillali da mai kaya, kuɗin ƙungiyar manoma, irin maganar da akwai takardu da kuɗi masu yawa. Sannan akwai abin da ba na zaure ba ne ba na ɗakin sulhu ba ne, fyaɗe, kisa, fashi, don Allah Malam Sabo duk wanda ya kawo maka maganar an lalata yarinya a rufa asiri a biya kuɗin magani kar ka zauna, wannan ta hukuma ce.

To satifiket ɗin fa. Wanda aka fi sani a ƙasar nan shi ne na cibiyar horar da masu sulhu da ake kira ICMC da ke Abuja, tun 1999 take, kuma ba sai lauya ba, akwai malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da masu sarauta a ciki. Horon farko na 'yan kwanaki ne, ma'aunin da aka saba da shi a duniya awa 40 ne, ana karatu ana gwaji ana jarrabawa sannan a rantsar da kai a matsayin mamba, kuma matakai ne ana hawa a hankali. Amma ka riƙe abu biyu. Na ɗaya babu wanda zai hana ka sulhu a garinku don ba ka da shi, mutum biyu suna da ikon su zaɓi wanda suka yarda da shi ya shiga tsakaninsu. Na biyu satifiket ba takardar ɗaukar aiki ba ce, ba albashi a bayanta, kotu tana da jerin masu sulhunta kuma sai ka nema daban an duba an sa ka, ko an sa ka ɗin ma ba kullum ake kira ba, kai kuma kana ƙauye. Wanda ya ce maka kotu za ta riƙa turo maka mutane har gida ya ƙara wa miyar gishiri.

Kuma ba a gamawa a rataye a bango a ce shikenan. Akwai kuɗin mamba na shekara shekara, akwai bita da taruka na ƙarin ilimi da ake son ka riƙa halarta, wasu yanzu ta waya ake yi ta intanet in kana da data da sabis. Da farko na ɗauka hanyar karɓar kuɗi ce kawai, sai da dokar 2023 ta fito na gane amfaninsa, don wanda ya yi horo kafin nan bai koma ba yana nan yana gaya wa mutane tsohon zance, bai san ma cewa yanzu lokacin da aka ɗauka ana zaman sulhu ba ya shiga lissafin wa'adin shigar da ƙara ba, alhali da yawa tsoron kar lokaci ya ƙure musu ne ke sa su ruga kotu. A zaure ƙarin iliminmu shi ne zama kusa da manya, yana da kyau ƙwarai, sai dai in babba ya yi kuskure haka za mu gaje shi mu ma mu koya wa na baya, babu mai tsayar da kai kamar yadda malamar nan ta tsayar da ni.

Ni shawarata, kar ka sayar da abincin gidanka saboda shi. In kana da rara bayan kaka, ko ƙungiyar ci gaban garinku za ta iya ɗaukar nauyinka, je ka yi, zai gyara maka hannu sosai kuma mutum irinka da jama'a suka riga suka yarda da shi ya fi kowa cin moriyarsa, amma ka tuntuɓi cibiyar da kanka ka ji kuɗin da sharuɗɗan shiga daga bakinsu, kar ka tura wa wani ɗan tsakiya kuɗi a asusunsa. Kafin nan, tun daga zama na gaba ka sayi babban littafi mai bango mai tauri, duk sulhun da aka yi ka rubuta kwanan wata, cikakken sunan kowa da na mahaifinsa, iyakar gonar gabas da yamma kudu da arewa da sunan maƙwabta, nawa za a biya kuma wace rana, me za a yi in ba a biya ba, ka karanta musu da Hausa da ƙarfi kafin kowa ya dangwala, shaidu ka haɗa da matasa kar ya zama duk tsofaffi ne, dagaci ya buga hatimi, kowa ka ba shi kwafi ka kuma ɗauki hoto a waya. In da mace a ciki a samu wata dattijuwa ku ji ta bakinta ita kaɗai kafin a tara maza. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan shigo kasuwar Wudil, in za ka zo ka yi min magana in taho maka da samfurin takardar da nake amfani da ita ka kwafa.