Remote Desktop Services a Windows Server 2022: aikin ba laifi, lasisin ne ke da ƙaya

Windows Server, yadda ya zo daga Microsoft, mutum biyu kacal yake bari su shiga daga nesa a lokaci guda, kuma don masu kula da sabar aka tanadi gurbin. Na uku ya zo, sai an kori ɗaya. Wanda ke son ma'aikata goma ko talatin su yi aiki a kan na'ura ɗaya, kowa da nasa allon, dole ya ɗora Remote Desktop Services (RDS), wanda ake kira Terminal Services kafin fitowar Server 2008 R2.

Ɗorawar ba ta da wuya. A Server Manager, manhajar sarrafa sabar, ake zaɓar Session Host, mai ɗaukar masu shiga, da RD Licensing, mai raba lasisi, a sake kunna na'urar, sannan a zuba sunayen mutane cikin rukunin Remote Desktop Users. Tsarin Quick Start yana haɗa Session Host da wasu sassan da kansa, ban da RD Licensing, amma sai sabar tana cikin domain, wato tsarin da ake sarrafa kwamfutoci da asusun ma'aikata daga wuri ɗaya. Idan babu, da hannu za a yi, ta Group Policy, inda ake saita ƙa'idojin Windows.

Da zarar an gama, komai sai ya riƙa tafiya sumul, kuma nan ne tarkon yake. Microsoft na ba da rangwamen kwana 120 ba tare da lasisi ba. Ranar da wa'adin ya cika, kowa zai ga saƙon cewa babu sabar lasisi, aiki ya tsaya cak. Sau da yawa ma an sayi lasisin, an ɗora, amma ba a gaya wa Session Host inda zai same shi ba. Abu biyu ake saitawa a Group Policy, ƙarƙashin Remote Desktop Session Host, sashen Licensing: sunan sabar lasisi, da nau'in lasisin. A buɗe RD Licensing Diagnoser, manhajar binciken matsalar lasisi, tun ranar farko, zai nuna abin da ya rage. Idan ƙofa ta riga ta rufe, umarnin mstsc /admin zai shigar da mai kula ya gyara.

Nau'in lasisin biyu ne. Per User na bin mutum, Per Device na bin na'ura. Inda ake aikin karɓa-karɓa, mutum uku na amfani da kwamfuta ɗaya, na na'ura ya fi araha. Inda mutum ɗaya ke shiga ta kwamfutar ofis da ta gida da waya, na mutum ya fi. Sai dai na mutum da Active Directory, rajistar masu amfani ta domain, yake tafiya, don haka wanda ba shi da domain ya tsaya kan na na'ura. Shekara ma na da tasiri: lasisin 2022 na aiki a kan sabar 2019, amma na 2019 ba ya buɗe sabar 2022. Kuma wannan lasisin ƙari ne a kan CAL, wato lasisin shiga Windows Server na yau da kullum, ba madadinsa ba. A nan dai Microsoft ba ta kyauta wa ƙananan ofisoshi ba. Lissafin ya fi ɗorawar cin lokaci.

Ta fuskar aiki kuwa, abin a yaba ne. Layin intanet ya yanke, mutum ya dawo ya tarar da takardarsa a buɗe inda ya bar ta. Amma wannan alherin shi ke cinye RAM, domin mutane kan danna alamar rufewa su tafi ba su fita ba, zamansu na nan da burauza mai shafuka ashirin. A sa iyaka a Session Time Limits, misali awa biyu, sabar ta rufe zaman da aka yasar. Domin manhaja ta yi wa kowa aiki, kafin ɗora ta a buga umarnin change user /install, bayan an gama a buga change user /execute. Microsoft 365 kuma sai an kunna masa shared computer activation, mai barin mutane da yawa su yi amfani da shi a na'ura ɗaya, in ba haka ba zai ƙi aiki. Firinta ce ta fi ba da ciwon kai. A bar Easy Print, direban firinta na bai-ɗaya da ke zuwa da RDS, ya yi aikinsa maimakon tara direbobi barkatai.

Tashar 3389, ƙofar da ake shiga sabar ta Remote Desktop, kada a kuskura a buɗe ta ga intanet. Ana laluben ta dare da rana ana gwada kalmomin sirri, kuma ta nan masu kulle bayanai don neman kuɗin fansa suka saba shigowa. Ramin tsaro na BlueKeep da aka gano a 2019, wanda ya shafi Server 2008 da 2008 R2, ko kalmar sirri bai buƙata ba. Sauya lambar tashar rufe kura da fatar akuya ne. A bar Network Level Authentication, mai tantance mutum kafin a buɗe masa allo, a kunne, a bi ta VPN, keɓantacciyar hanyar shiga ofis ta intanet, ko RD Gateway, mashigar RDS da ke wucewa ta tashar 443 da takardar shaidar TLS mai ɓoye bayanai.

Ga ofishin da ke da manhajar lissafi ko ta ajiyar bayanai da sai Windows take aiki, RDS ya cancanci kuɗinsa. Wanda burauza da rubuta takardu kawai mutanensa ke buƙata, ya fara gwada xrdp, manhajar shiga daga nesa a kan Linux, wanda babu lasisin kowane kai a kansa.