Sharhi: Akwatin haske mai araha da manhajar Snapseed wajen ɗaukar hoton ƙananan motocin wasa

Duk mai tara ƙananan motocin wasa na Hot Wheels, waɗanda kamfanin Mattel ya fara fitarwa a 1968, ya san cewa kyawunsu a ido daban ne da yadda suke fitowa a kyamarar waya. Yawancinsu an ƙera su ne a ma'aunin 1:64, wato motar gaske ta ninka su tsawo sau 64, tsawonsu bai wuce santimita 7 ko 8 ba, kuma fentinsu yana da ƙyalli, saboda haka fitilar ɗaki takan bar musu farin tabo a kan rufi da baƙar inuwa a ƙarƙashi. Wannan ne ya sa na sayi akwatin haske mai naɗewa, da mariƙin waya mai ƙafa uku, da ɗan gilashin da ake maƙalawa a bakin kyamara domin ɗaukar abu daga kusa, dukkansu marasa sunan wani sanannen kamfani.

Akwatin ne ya fi cancantar kuɗinsa. Farar roba ce da ake haɗawa da maɓallai, faɗinta kamar santimita 20, da jerin fitilun LED a sama waɗanda ke aiki da igiyar USB, don haka ko an ɗauke wuta batirin ajiye caji yana riƙe su. Bangon akwatin yana mayar da haske ta kowane ɓangare, har tayoyi da ƙananan rubuce-rubucen jikin mota su fito tar. Sai dai fitilun a tsirara suke, kuma a kan mota mai baƙin fenti sukan bayyana a matsayin jerin ɗige-ɗige masu walƙiya. Maganin da ya yi mini aiki shi ne rataya siririyar farar takarda a ƙasansu, ba tare da ta taɓa su ba, wadda ke tausasa hasken ƙwarai. Shimfiɗun da suka zo da shi, fari da baƙi, suna saurin yin datti, kuma farin kwali na kantin littattafai ya fi su kyau.

Gilashin maƙalawa kuwa ban ga amfaninsa sosai ba. Sai an matso da waya kusan santimita 2 ko 3 kafin ya kama abu, kuma a wannan tazarar fitilar gaban mota kaɗai ke fitowa sarai, sauran jikin ya yi dishi-dishi, ga inuwar wayar kanta tana faɗawa a kai. Ya dace da tambari ko fuskar ɗan mutum-mutumin wasan yara na LEGO, amma ba da mota sukutum ba. Ja da baya kaɗan, a ɗora waya a kan mariƙi daidai tsayin mota, a sa kyamara ta ƙirga daƙiƙa 3 kafin ta ɗauka domin hannu kada ya girgiza ta, ya fi ba da hoton da mutum zai rantse mota ce ta gaske.

Gyaran hoton kuma da Snapseed nake yi, manhajar da Google ya mallaka tun 2012, wadda kyauta ce. Fitilun akwatin suna karkata zuwa shuɗi-shuɗi, kuma White Balance, sashen manhajar mai daidaita launi, yana dawo da farin kwali zuwa ainihin farinsa cikin sauƙi. Selective, mai gyara wani ɓangare na hoto shi kaɗai, yana ba ni damar haskaka tayoyi ba tare da hasken rufin ya wuce kima ba. Wanda na fi dogara da shi shi ne Healing, mai goge tabo daga hoto, domin a lokacin hunturu ƙura tana sauka a kan mota kafin a gama saita waya, kuma ƙwayar da ido bai gani ba takan fito a hoto kamar tsakuwa. Duk da haka, goge mota da buroshi mai laushi kafin ɗauka ya fi sauri, saboda Healing yakan jirkita layi idan tabon yana kusa da gefen ƙofa ko taga. Hoton da ya girgiza tun farko kuma babu gyaran da zai cece shi, ƙara masa kaifi sai dai ya ƙara masa muni.

Wanda kuɗinsa bai kai ya sayi duka ukun ba, ya fara da akwatin da mariƙi, ya bar gilashin.