Rubuta wasiƙar neman aiki a kafe: ina suka ƙware, ina suke cutar da mai nema

Duk inda aka samu sakatariyar gwamnati ko ƙofar jami'a a Arewa, za a samu jerin shagunan buga takardu, waɗanda aka fi kira kafe. A Kano suna nan a kewayen Sakatariyar Audu Bako da bakin tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, a Zariya kuma Samaru da Kongo cike suke da su. A jikin allon ƙofarsu, bayan fotokofi da sikanin da duba sakamakon jarrabawa, akwai tsara CV da rubuta wasiƙar neman aiki. Wannan ta ƙarshen ce abin dubawa a nan, domin matasa da yawa suna kai makomarsu gaban mai kafe su ce "a rubuta mini", su biya, su tafi suna jiran kiran da ba zai zo ba. Hukuncina tun farko: wajen bugawa da tsarawa da turawa, kafe mai kyau ya ci kuɗinsa. Wajen rubuta abin da wasiƙar za ta faɗa kuwa, yawancinsu bai kamata a sakar musu ragama ba.

Bari a fara da inda suka iya. Mai kafen da ya san aikinsa zai buɗe Microsoft Word, ya tabbatar girman shafin A4 ne, wato milimita 210 da 297. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, saboda kwamfutoci da yawa suna zuwa da saitin Amurka, wanda takardarsa ta fi gajarta da faɗi, sai a buga a ga rubutun ya karkace ko adireshi ya zame gefe. Zai bar gefen shafi na inci 1 a kowane ɓangare, ya zaɓi rubutu marar ado kamar Times New Roman ko Arial mai girman 11 ko 12, ya bar layi huɗu tsakanin gaisuwar rufewa da suna domin sa hannu. Idan firintarsa ta leza ce kuma takardar mai nauyin giram 80 ce, wasiƙar za ta fito tsaf, ba ta jiƙa da gumin hannu kamar ta firinta mai tawadar ruwa. Wanda ba shi da kwamfuta ba zai iya wannan da waya cikin sauƙi ba, kuma a nan shagon ya yi rana. Abin lura kawai shi ne hodar firinta da aka sake cikawa sau da yawa: takan bar dogon layi baƙi ko fari daga sama zuwa ƙasa. A ɗaga takardar a haske kafin a biya, idan da layi a ce a sake.

Matsalar tana farawa ne lokacin da mai nema ya zo hannu rabbana. Abin da ke faruwa a gaban allo kusan iri ɗaya ne ko'ina. Mai kafe zai shiga wata jakar fayil, ya buɗe tsohuwar wasiƙar da aka rubuta wa wani tun bara, ya goge sunan can ya sa naka, ya canza kwanan wata, ya tambaye ka sunan kamfanin, ya buga. Minti biyar an gama. Wasiƙar kan fara da cewa mai ita yana neman "duk wani gurbi da ke akwai" a wannan ma'aikata mai daraja, sai ta ce shi mutum ne mai ƙwazo da riƙon amana da iya zama da mutane, sai ta rufe da alƙawarin cewa idan aka ba shi dama ba zai ba da kunya ba. Babu ƙarya a ciki, amma babu abin da ya bambanta ta da ta mutumin da ya tashi daga kujerar kafin ka zauna. Jami'in ɗaukar ma'aikata da ke da tarin takardu a gabansa ya haddace waɗannan jimlolin, da ya ga layin farko ya san na uku. Kuma kalmar "duk wani gurbi" ita kaɗai ta isa ta kashe takarda, domin tana nuna mai ita bai karanta sanarwar ba, ko kuwa bai san abin da ya iya ba.

Har ila yau wannan gyaran tsohuwar wasiƙa yana barin sawu. An sha ganin wasiƙa da adireshinta na asibiti ne amma a sakin layi na biyu tana yabon "wannan makaranta", ko kanun ya ce ana neman aikin akawu amma jikin yana maganar tuƙi. Akan bar lambar wayar mai wasiƙar farko a sama. Word ma da kanta takan yi ɓarna: idan an saita ta a Turancin Amurka za ta ja jan layi a ƙarƙashin kalmomin da aka rubuta daidai da ƙa'idar Ingila, wadda ita ake bi a Najeriya, mai kafe kuma ya "gyara" su. Sunayen Hausa duk jan layi suke samu, kuma danna gyara ba tare da dubawa ba yakan mayar da sunan mutum ko na garinsu wata kalma dabam. Sunan da ke wasiƙa dole ya yi daidai da na takardun makaranta harafi da harafi. Muhammad da Mohammed, a idon mai tantance takardu, mutum biyu ne.

Laifin ba na mai kafe kaɗai ba ne. Ba zai iya rubuta abin da bai sani ba, kuma layi yana jiransa. Saboda haka aikin gaskiya a gida ake yin sa, da biro da takarda, kafin a fita. A ɗauki sanarwar aikin a ja layi ƙarƙashin abubuwa uku da aka fi nanatawa a cikin sharuɗɗan. A gaban kowanne a rubuta wani abu takamaimai da aka taɓa yi wanda ke tabbatar da shi: a ina, yaushe, har tsawon wane lokaci, da me aka yi aiki. Ko da Hausa aka rubuta wannan, ya wadatar, mai kafe mai Turanci zai iya juya shi, kuma wannan ne amfanin da ya kamata a ci daga gare shi.

A ɗauki misalin makarantar sakandare mai zaman kanta da ke neman malamin lissafi. Sakin layi na farko jimla biyu ya isa: sunan gurbin kamar yadda aka rubuta shi a sanarwa, inda aka ga sanarwar da ranarta, sai takardar shaidar da ta fi dacewa, NCE ko digirin koyarwa, tare da rajistar TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta ƙasa, idan akwai. Sakin layi na biyu shi ne zuciyar wasiƙar, kuma shi ne wanda kafe ba ya taɓa samarwa da kansa. Maimakon "ina da ƙwarewar koyarwa", sai a ce a lokacin hidimar ƙasa an koyar da lissafi a ajin SS2 da SS3 na tsawon shekara guda, an shirya ɗalibai don jarrabawar WAEC da NECO, an riƙa yin darasin ƙari ranar Asabar a kan aljabra saboda nan suka fi faɗuwa. Wanda ya karanta wannan ya ga malami a cikin aji. Idan aikin kula da sito ne, a faɗi irin kayan da aka kula da su, yadda ake shigar da su a littafi ko a Excel, da sau nawa ake ƙidaya a wata. Sakin layi na uku gajere ne: dalili ɗaya na son wannan wurin musamman, ranar da za a iya fara aiki, da cewa a shirye ake a zo ganawa. Duka kada ya wuce shafi ɗaya, kalmomi 250 zuwa 350. Roƙo da ambaton halin gida, cewa mutum maraya ne ko yana da iyali masu yawa, ba wurinsu ba ne. Halin gaskiya ne kuma yana da nauyi, amma mai ɗaukar aiki yana neman wanda zai sauke masa nauyi ne, kuma da abin da ka iya za ka nuna masa haka.

Akwai ƙananan ƙa'idoji da masu kafe da yawa ke cakuɗawa. Idan aka buɗe da "Dear Sir" ko "Dear Madam", da "Yours faithfully" ake rufewa. Idan aka ambaci sunan mutum, "Yours sincerely" ne. Idan sanarwa ta faɗi muƙamin wanda za a aika wa, a rubuta shi daidai, kada a sa manajan darakta alhali an ce shugaban sashen ma'aikata. Ga mai digiri ko HND, a ambaci shekarar kammala hidimar ƙasa ko takardar yafewa, wadda hukumar NYSC ke bai wa waɗanda suka haura shekara 30 lokacin kammala karatu, domin ma'aikatu da dama daga nan suke fara tacewa. Ma'aikacin gwamnati da ke neman wani gurbi a cikin gwamnati kan bi da takardarsa ta hannun shugabansa, kuma layin da ke nuna hakan yana da wurinsa a adireshi. Idan kuwa an ce a rubuta da hannu, to da hannu ake nufi, kuma hannun mai nema. A Nijar wannan sharaɗin ya zama ruwan dare a jarrabawar shiga aikin gwamnati, inda ake neman takardar buƙata ta hannu da kan sarki na haraji a jikinta. Bugaggiyar takarda a irin wannan wuri fita take yi tun kafin a karanta.

Wajen turawa ta intanet ne hidimar kafe ta fi rabuwa gida biyu. Mai kyau zai adana wasiƙar kai tsaye daga Word zuwa PDF. Marar kyau zai buga ta a takarda, ka sa hannu, ya yi sikanin, ya tura hoto. A ido duk ɗaya ne, amma manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji da yawa suna amfani da manhajar da ke karanta rubutun takardu tana neman kalmomin sanarwa, kuma hoto a wurinta yakan zama shafi marar komai. Gwajin mai sauƙi ne: a buɗe fayil ɗin a ja linzami a kan wata kalma, idan ta haskaka rubutu ne, idan ba ta yi ba hoto ne. Takardun makaranta ne suke buƙatar sikanin, kuma a ma'aunin kaifin hoto, wato DPI, 150 zuwa 200 ya wadatar. Wanda ya sa 600 zai samar da fayil mai nauyi da shafin ɗaukar aiki zai ƙi karɓa. Gmail yana ɗaukar har megabait 25, amma shafukan cike fom da yawa iyakarsu ta yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Sunan fayil ma a duba: sunanka da sunan gurbin, ba "Doc1" ko "scan0007" ba. A layin kanun saƙon imel kuma a rubuta ainihin abin da sanarwa ta ce a rubuta, har da lambar gurbi, domin ƙungiyoyin da ke aiki a Maiduguri da Damaturu da Yola sukan ware saƙonni ne da wannan layin.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne barin mai kafe ya tura daga imel ɗin shagonsa saboda mai nema ya manta kalmar sirrinsa. Amsar gayyata za ta faɗa akwatin da babu mai dubawa, ranar ganawa ta zo ta wuce, mutum yana gida yana cewa sai mai uwa a gindin murhu ake ɗauka. A buɗe imel na kai, da suna na mutunci, a sa shi a waya, a riƙa leƙa har jakar saƙonnin banza. Bayan an gama a kafe a fita daga akwatin, kada a yarda burauza ta adana kalmar sirri, kuma a tsaya a ga an goge kwafin takardun daga kwamfutar da kwandon shararta. Akan tarar da fuskar kwamfutar kafe cike da satifiket da katin NIN da hotunan mutanen da suka daɗe da tafiya, kowa ya zauna yana iya kwasa. Maimakon filash, wanda ke ɗauko ƙwayar cutar kwamfuta daga shago zuwa shago, gara mutum ya tura wa kansa fayil ɗin Word da na PDF ta imel.

Wasu shagunan yanzu sun koma amfani da ChatGPT, manhajar da ke tsara rubutu da kanta idan aka ba ta umarni. Turancin yakan fito sumul, amma idan ba a ba manhajar bayanan gaskiya ba, takan cike giɓi da ƙwarewar da mutum bai da ita, kuma ranar ganawa daga wasiƙar ake ciro tambayoyi. Duk jimlar da ba za ka iya kare ta da bakinka ba, a cire ta. Haka nan idan mai kafe ya ce yana da hanya, a kawo kuɗi ya sa suna a jerin waɗanda za a ɗauka, wannan ya fita daga hidimar buga takarda, a tattara takardu a bar wurin.

Kafin a zauna a kowane shago, a tambayi mai shi ya nuna wasiƙu biyu da ya rubuta wa masu neman aiki daban-daban, a rufe sunayen. Idan jikinsu ɗaya ne, a ba shi bugawa kawai. Idan kuwa da ka zauna ya fara tambayarka sanarwar, ya tambayi ayyukan da ka taɓa yi da shekarunsu, ya juyo maka da allon ka karanta kafin ya buga, to wannan ya cancanci a biya shi kuɗin rubutu ban da na bugawa. Da safe ake zuwa, kafin layi ya yi tsawo, kuma kwana biyu ko uku kafin ranar rufewa, domin a ranar ƙarshe ne shafukan ɗaukar aiki suka fi cunkushewa, wuta kuma ba ta da tabbas.