Almakashin Felco 2, ra'ayina bayan na jima ina datse rassa da shi

Jama'a masu ɗan lambu a gida, yau kan almakashin nan mai jan mariƙi da ake kira Felco 2 nake son magana, don tambayar ta yi yawa, wai ya ci kuɗinsa kuwa ko dai suna kawai mutum yake saya. Ni dai a wajena ya ci kuɗinsa har da riba, amma ba kowa ne yake buƙatarsa ba, kuma ba zai gyara maka shuka ba in baka san reshen da ya kamata ka cire ba.

Kamfanin na ƙasar Suwizalan ne, wani mai suna Félix Flisch ya kafa shi a 1945, shi kuma wannan lamba 2 ɗin tun 1948 ya fito kuma har yau fasalinsa bai wani canza ba. Mariƙin alminiyon ne da aka lulluɓe da jar roba, nauyinsa wajen gram 240, bakin kuma ƙarfe ne mai tauri da yake riƙe kaifi sosai. Irin almakashin nan ne da bakinsa yake goga ɗan uwansa ya wuce, ba irin wanda yake sauka kan faffaɗan ƙarfe ya danne reshe ba. Wannan bambancin fa ba ƙarami bane, mai dannewar ya fi dacewa da busasshen ice, in ka sa shi a ɗanyen reshe murje ɓawon yake yi ya bar wajen a dagargaje, ruwa ya zauna, ruɓa ta samu ƙofa. Shi kuwa Felco in yana da kaifi zaka ga wajen yankan sumul, babu zare-zaren ɓawo yana lilo, kuma irin wannan yankan ne shuka take saurin rufewa.

Abin da ya fi burge ni wallahi shine komai nasa ana kwancewa a canza. Baki ya cinye, ka sayi baki kawai. Sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da yake buɗe mariƙan, ya saki, ka sa sabo. Akwai noti a tsakiya da kake ɗaurewa ko ka sassauta har bakin biyu su haɗu daidai, don yawancin almakasan da mutane suke cewa sun dakushe ba dakushewa suka yi ba, baki ne ya buɗe reshe yana shigewa tsakani yana lanƙwashewa. Akwai ɗan kwari da aka yi a jikin ƙarfen ƙasan don danƙon itace ya samu wajen bi kar bakin ya riƙa mannewa, da ɗan gurbi can ciki na yanke siririyar waya, sai kuma robar da take tare bugun in mariƙan sun haɗu, wadda sai ka yini kana datsa zaka san amfaninta a wuyan hannunka.

To amma a san iyakarsa. Kaurin reshen da aka yi shi dominsa milimita 25 ne, kusan kaurin babban yatsa. In reshe ya wuce haka kar ka tsaya kana murɗa almakashi hagu da dama kana cije leɓe, baki zaka ɓata kuma reshen ma tsagewa zai yi, ɗauko ƙaramin zarto kawai. Sannan an yi shi ne don babban hannu kuma na dama, mai ƙaramin hannu zai ji ya buɗe masa da yawa, gara ya nemi lamba 6, bahago kuma lamba 9 ce tasa. Bakin yana tsatsa in ka bar shi a jiƙe ko ka manta shi a ƙasa ya kwana cikin raɓa. Kuma eh yana da tsada in ka haɗa shi da na gama-gari, wanda tukwanen fure biyu ko uku kawai gare shi gaskiya ba dole sai shi ba, ƙarami mai kaifi ya ishe shi.

Yadda ake riƙe shi ma akwai abin lura da mutane da yawa basu sani ba. Bakin mai kaifin shi zaka juya ya kalli ɓangaren da zai zauna a jikin shuka, ƙarfen mai kaurin ya kalli wanda zai faɗi, saboda shi mai kaurin yana ɗan danne ɓawo, to gara dannewar ta tafi da abin da zaka zubar. Ka nemi ido, wato ɗan kumburin da sabon toho zai fito, wanda yake kallon waje ba cikin shuka ba, ka yanka kamar milimita 5 zuwa 6 a samansa, a ɗan karkace yadda ruwa zai gangara ta bayan idon. Ka matse da yawa idon ya bushe, ka bar dogon guntu kuma guntun ya mutu ya riƙa ci yana yin ƙasa. Ni kullum da matattun rassa nake farawa, sai masu cuta, sai waɗanda suka gitta suna goga juna, daga nan in ja da baya in kalli shukar gaba ɗaya, sau da yawa zaka ga aikin ma ya ƙare ba sai ka ƙara taɓa komai ba. Kar a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyen a lokaci guda, babbar bishiya ma kashi ɗaya cikin huɗu ya isa, da ganyen nan take haɗa abincinta, in ka yi mata ƙwal sai ta firgita ta fesa dogayen tohon banza marasa ƙwari da ba fure ba 'ya'ya.

Babban reshe kuma, wanda aikin zarto ne, sau uku ake yanka shi. Ka fara ɗan shiga ta ƙasa nesa kaɗan da gindin reshen, sai ka yanke ta sama gaba da wajen har ya faɗi, ta haka nauyinsa ba zai ɓare ɓawo ya yi ƙasa da shi ba, sai a ƙarshe ka cire guntun daidai bakin kumburin nan mai kama da wuyan riga da yake inda reshe ya haɗu da uwar. Kumburin nan kar ka shafe shi, daga nan bishiya take rufe ciwon. Wani masani na hukumar gandun daji ta Amurka, Alex Shigo, ya shafe shekaru yana tsaga bishiyoyi yana duba cikinsu, aikinsa ne ya nuna cewa yankan da ake shafewa daf da jikin bishiya cutarwa yake, kuma shafa fenti ko kwalta a wajen yanka baya hana ruɓa. Har yanzu ina ganin ana shafawa kuma abin yana damuna, ku bar wajen ya sha iska don Allah.

Yanzu ga inda almakashi ko na nawa ne bashi da ta cewa, sai ka san mecece shukar kafin ka sa mata ƙarfe. Wasu a sabon toho suke fure, irin su bougainvillea da hibiscus da yawancin rose, waɗannan datsa tana ƙara musu fure. Mangwaro kuma a ƙarshen rassan da suka riga suka ƙosa yake fure, shi yasa ake datse shi da zarar an gama cire 'ya'ya, in ka bari sai dab da lokacin fure ka aske shi to 'ya'yan bana ka zubar da hannunka. Lemo baya son datsa mai yawa sam. Akwai kuma masu haɗari, oleander, wata shukar fure ta ado, duk jikinta guba ne, dangin euphorbia masu farin ruwan nan kamar madara in ya shiga ido ba ƙaramin tashin hankali bane, sai da safar hannu. In ban gane shuka ba manhajar Pl@ntNet nake buɗewa, kyauta ce, cibiyoyin bincike na Faransa ne suka haɗa ta, zaka ɗauki hoto ka zaɓa ko ganye ne ko fure ko 'ya'ya ko ɓawo sai ta jero maka sunaye da makin kowanne. Hoton fure ya fi bada amsa mai kyau, kuma ka haɗa hotuna biyu ko uku na shuka ɗaya. In makin ya yi ƙasa kar ka ɗauka an gama, kwafi sunan kimiyyar ka bincika ka gwada da abin da yake gabanka, kuma jinsi take ganewa, ba lallai ta faɗa maka takamaiman iri ba.

Wajen sayen dashe ma idon mai datsa yana amfani. In aka ce maka shukar mai aure ce, wato an haɗa reshen wani iri a kan gindin wani, duƙa ka nemi wajen haɗin a ƙasan kara, zaka ga ɗan kumburi ko tabo, in babu shi sam to ka yi tambaya da kyau kafin ka biya. Wajen nan ka riƙe shi a ranka har bayan ka dasa, kar ka binne shi cikin ƙasa, kuma duk tohon da ya fito ta ƙasansa na gindin ne ba irin da ka saya ba, cire shi tun yana ƙarami in ba haka ba zai fi ƙarfin na saman ya kashe shi. A wasu lemukan zaka gane shi da ganye mai rassa uku da ƙaya zaƙo-zaƙo. Ka ɗaga leda ko tukunyar ka leƙa ƙasanta, saiwar da ta naɗe tana zagaye kanta ta daɗe a matse, ka juya bayan ganye ka duba ƙwari, kuma ƙaramin dashe mai lafiya ya fi dogo wanda ya sha wahala saurin kamawa.

Shi kansa almakashin akwai jabunsa a kasuwa, jan mariƙi kawai suke kwaikwaya, to ka saya wajen wanda zai iya kawo maka bakin canji da sifirin, wanda bai san ma ana canzawa ba ni bana sakin jiki da kayansa. In ka gama aiki ka goge danƙon, ka ɗiga mai kaɗan a noti da sifirin. In ka yanka shuka mai cuta goge bakin da sifirit mai kashi 70 kafin ka matsa ta gaba, bilic ma yana kashe cuta amma yana cin ƙarfe. Wasawa kuma ta gefen da yake a gangare kaɗai ake yi da ɗan dutse mai laushi, bayan bakin mai shafaffen nan sau ɗaya kawai zaka shafa a kwance don cire ƙaiƙayin ƙarfen, in ka ci shi da dutse bakin biyu sun daina haɗuwa kenan sai dai ka sayi sabon baki.